Hadda ko Bin Sawu: Versailles da Dikwa

Idan jarrabawa ta matso, ɗaliban tarihi a unguwar Bolori kan rabu gida biyu. Wasu su rungumi littafin tsofaffin tambayoyi, su haddace amsoshi: dalilan Yaƙin Duniya na Ɗaya, sharuɗɗan yarjejeniyar Versailles ta 1919, manufofi 14 na shugaban Amurka Woodrow Wilson. Wasu kuma, ba su da yawa, su tsaya bin sawun labarin har ya kawo su gida.

Kada a raina mai hadda. Lokaci ya ƙure, wutar lantarki ba tabbas, mai duba takarda kuwa maki yake ƙirgawa. Yaron da ya jera cewa an ɗora wa Jamus laifin yaƙin, an rage mata soja, an ƙwace mata ƙasashen da ta mallaka, zai ci makinsa. Sai dai a sauya wa tambayar fuska kaɗan, ka ga ya yi tsuru-tsuru.

Mai bin sawu kuwa zai tsaya a kan wannan sharaɗi na ƙarshe, ya ce wace ƙasa aka ƙwace? A nan abin yake da daɗi. Bayan Faransawa sun kashe Rabeh, mai mulkin Borno a lokacin, a Kuseri a 1900, Turawa uku suka raba Borno kamar naman watanda: Ingila, Faransa da Jamus. Dikwa, hedikwatar Rabeh, ta faɗa hannun Jamus, ta shiga cikin Kamaru. Shehun Borno Garbai ya koma ɓangaren Ingila, daga baya ya zauna a Yerwa a 1907, wato garin da Bolori take ciki a yau. Da yaƙin 1914 ya ɓarke, har nan ya iso; sojojin Jamus sun riƙe dutsen Mora da ke Kamaru, sai a Fabrairun 1916 suka miƙa wuya. Yarjejeniyar Versailles ta raba Jamus da Kamaru, majalisar da Wilson ya yi ta fafutukar kafawa, wadda Amurka ta ƙi shiga, ta ba Ingila riƙon amanar Dikwa. Sai a ƙuri'ar raba gardama ta 1961 yankin ya zaɓi zama cikin Najeriya.

Ke nan yarinyar da rikicin Boko Haram ya koro iyayenta daga Bama ko Dikwa, take karatu a Bolori, kakanninta ne a cikin tambayar da take haddacewa, ba ta sani ba.

A ganina bin sawu ya fi, har ma a zauren jarrabawa, don wanda ya san yadda Dikwa ta sauya hannu ba zai rikita 1914 da 1919 ba. Illarsa cin lokaci, ga shi ba kowace tambaya ke da hanyar zuwa Borno ba. Yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865, alal misali, da wuya ka kai shi Dikwa. Wannan kam a ɗauko littafin tambayoyin.