Dinder: abin da ya rage wa matuƙin kwale-kwale bayan ya iya riƙe filafili

A farkon watan Yulin 2024, lokacin da faɗa ya kai jihar Sinnar ta Sudan, jama'a suna tserewa daga Sinja da Dinder, wani jirgin ruwa ya nutse a kogin Nilul Azrak, kimanin mutum 25 suka rasu, akasarinsu mata da yara. Duk wanda ya tashi a bakin kogin Neja ko Binuwai ko tafkin Chadi ya saba jin irin wannan labari, kuma ya san cewa ba kowane haɗari ne laifin matuƙi ba, balle a lokacin gudun hijira. Amma akwai wani giɓi da ba a cika magana a kai ba, wato wanda ke tsakanin yaron da ya iya tura kwale-kwale a ruwa kwance da gwanin da za a iya damƙa wa rayukan mutane a tsakiyar kogi.

Batun ya shafi Hausawan Sudan kai tsaye. Tun bayan yaƙin Burmi na 1903, da Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ya kai jama'arsa kudu da Sinnar suka kafa garin da ke ɗauke da sunansa, ƙauyukan Hausawa suka yi ta bazuwa a gaɓar Nilul Azrak da rassansa biyu, Dinder da Rahad. Noman bakin kogi da su suna cikin manyan sana'o'insu har yau, kuma duka biyun sau da yawa sukan buƙaci jirgi.

A Turai da Amurka an ware wa wannan giɓi darasi na musamman. Masu tuƙa kayak, ƙaramin jirgin nan mai cin mutum ɗaya ko biyu da aka gada daga mutanen Inuit na ƙasashen ƙanƙara, suna da matakai. A Faransa hukumar wasan tana raba su da launin filafili: fari, rawaya, kore, shuɗi, ja, sannan baƙi. Wanda ya kai tsakiya ba a barinsa a tafkin horo. Ana fita da shi teku tafiyar kwanaki, da tanti da abinci a cikin jirgi, a kwana a gaɓar da babu kowa, domin ya koyi karanta iska, ya ceci abokin da jirginsa ya kife, ya ja wanda ya gaji. Su nishaɗi ne ya kai su, mu neman abinci ne. Amma dalilin ware matakin ɗaya ne: ƙaramin sani ƙuƙumi ne, kuma mai matsakaicin sani ya fi sabon shiga kusantar halaka, tunda tsoro ya riga ya bar shi, gogewa kuwa ba ta iso ba tukuna.

Ƙetare kogi mai gudu

Abu na farko da ke bambanta su shi ne ƙetare. Sabon matuƙi yakan saita hancin jirgi daidai inda yake son sauka. Lissafin da nake ba ɗalibai a aji shi ne: idan faɗin kogi mita 300 ne, kuma gudun ruwa daidai yake da gudun tuƙinka, to kafin ka taɓa ɗaya gaɓar ruwa ya gangara da kai mita 300 ƙasa da mashigi. A watan Agusta, da Nilul Azrak ke tumbatsa da ruwan tsaunukan Habasha, gudun ruwan yakan fi ƙarfin hannun mutum ɗaya. Gwani yakan bi gefen gaɓa, inda ruwa ya fi sanyin gudu, ya haura sama tukuna, sannan ya karkata hancin jirgi yana fuskantar inda ruwa ke fitowa, ya bar ruwan da kansa ya tura shi gefe. Wanda ke kallo daga tudu zai ɗauka ɓata lokaci yake yi.

Wuri mafi haɗari a wannan tafiya shi ne iyakar ruwan gefe da ruwan tsakiya. Hancin jirgi ya shiga mai gudu, bayansa yana cikin mai kwanciya, sai jirgin ya juya kamar an murɗe shi. A nan ake koya wa mutum ya ɗan kwantar da jirgin zuwa ɓangaren da ruwa ke gangarawa, ya ɗaga gefen da ruwan ke bugowa. Jiki ba ya yarda da wannan cikin sauƙi, domin tsoro yakan sa mutum ya jingina ta inda bai kamata ba, ruwa ya hau gefen jirgi ya danne shi. Sai an maimaita sau da yawa a wuri marar zurfi kafin ya zauna a jiki.

Kwanar kogi ma tana da ƙa'idarta. Ta waje ruwa ya fi zurfi da gudu, yana cin gaɓa yana kayar da itatuwa. Bagaruwar da ta faɗa ruwa, wadda Sudanawa ke kira sunut kuma take da dazuzzuka tsakanin Sinnar da Rusairis, tana barin ruwa ya wuce ta cikin rassanta amma ta riƙe jirgi da mutum. Ta ciki kuma yashi ne, sai dai jirgi ya dafe.

Iska tana yaudarar waɗanda suka ɗauka rani lokacin hutu ne. Nilul Azrak arewa yake nufa, iskar hunturu kuwa daga arewa take busowa. Idan suka yi karo, igiyar ruwa takan zama gajera mai tsini, tana faɗawa cikin jirgi kaɗan-kaɗan. Kaɗan ɗin ne matsalar. Jirgin da cikinsa ya kai mita 4 a tsawo da mita 1 a faɗi, idan ruwa ya taru santimita 5 kawai, ya ɗauki lita 200, nauyin manya uku ke nan, kuma manyan da ba sa zama wuri ɗaya: duk inda jirgi ya karkata can suke gudu. Saboda haka mai kwarfe ruwa yana da muhimmanci kamar mai filafili, kuma kaya masu nauyi a ƙasa ake shimfiɗa su, a tsakiya, a ɗaure.

Idan jirgi ya kife

Masu kayak suna kifar da jirginsu da gangan a wurin horo har abin ya daina ba su tsoro. Wannan ne darasin da na fi ganin ya kamata mu ara. Ƙa'idojin ba su da yawa: a riƙe jirgi muddin yana yawo, a kasance ta samansa don kada ya matse mutum da itace ko dutse, kada a yi ƙoƙarin tsayawa da ƙafa a ruwa mai gudu. Jirgin ƙarfe idan ya cika nutsewa yake yi. Jarka mai lita 20, fanko, a rufe da kyau, tana iya ɗaga nauyin da ya kusa kilo 20 a ruwa, kuma 'yan ƙalilan da aka ɗaure a ƙarƙashin mazauni suna taimaka wa jirgi da mutanensa su daɗe a sama. Ba ta maye gurbin rigar kariya, musamman ga yaron da hannunsa zai gaji ya saki.

Zango

Kogin Dinder na damina ne. Yakan taso wajen watan Yuni ko Yuli, idan kaka ta wuce ya tsaya, ya bar yashi da gurabun ruwa nan da can. Masunta kan bar gida kwanaki suna bin kifi, kuma zaɓen wurin kwana rabin sana'ar ne. Yashin tsakiyar kogi yana da daɗin kwanciya, ba ƙaya, ba kunama da yawa, amma a farkon damina ruwan da aka yi a Habasha yana iya isowa da dare alhali sama tana cike da taurari a inda kake. A Nilul Azrak kuwa ba damina kaɗai ke juya ruwa ba. Akwai madatsar Sinnar ta 1925, da ta Rusairis ta 1966 wadda aka ƙara wa tsawo a 2013, ga kuma babbar madatsar Habasha da ta fara tara ruwa a 2020. Masu kayak a teku suna da jadawalin cika da janyewar ruwa. Masuncin Sinnar sai ya kafa sanda a bakin ruwa da yamma, ya duba ta kafin ya kwanta, ya ja jirgi sama ya ɗaure shi a abin da ba ya motsi.

Hawa tudu ma yana da nasa. Dajin aduwa da talih mai baƙar ƙasa da ke tsagewa a rani shi ne mazaunin ɗan ƙaramin ƙudan da ke yaɗa kala-azar, cutar da ta daɗe tana addabar ƙauyukan Dinder da Rahad da jihar Gadarif. Da dare yake cizo, kuma ya fi sauro ƙanƙanta, don haka gidan sauro mai ƙananan ramuka kuma mai magani ake so. A bakin gurbi ba a wanke kifi kusa da wurin kwana, kuma ba a ɗiban ruwa a wuri ɗaya kullum, saboda kada yana lura da al'adar mutum.

Can sama akwai gandun dajin Dinder, da aka kafa a 1935, UNESCO ta sa shi cikin jerin wuraren da ake kare halittu a 1979. Fadamun cikinsa, da ake kira maya, suna cike da kifi, kuma shigarsu ba izini laifi ne da ke haɗa masunta da jami'an gandu. Yaron da aka fara bari ya jagoranci tafiya yana bukatar ya san inda iyakar take kafin ya jefa birgi.