Jiragen da ke tsallake teku da tanki guda

Daga Yargoje zuwa bakin teku a Legas kusan kilomita 1,000 ne, kuma da yawa daga mutanen Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa ba su taɓa sa ƙafa a jirgin ruwa ba. Amma tambayar da ke hana matuƙin teku barci, duk direban da ke bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ya san ta: man da ke tanki zai kai ni? Direba in mai ya yanke masa, akwai ɗan bumburutu da jarkarsa a bakin titi. Tsakanin Kalifoniya da Hawai kuwa akwai sama da kilomita 3,700 na ruwa zalla, babu ko tsibiri guda da za a raɓa.

Babban abin mamakin shi ne, jiragen shaƙatawa masu inji da ke iya cin wannan nisa ba su ne masu gudu ba. Yawancinsu kilomita 11 zuwa 15 suke yi a awa, gudun da mai keke zai iya wucewa. Dalili kuwa, jirgi na tafiya yana tura ruwa, ruwan na tasowa a gabansa. Yana ƙara gudu igiyar na ƙara tsawo, har ta kai tsawon jirgin kansa, daga nan sai ya zama yana faman hawa tudun ruwan da shi ya tara. Ƙwararru sun ƙiyasta cewa in ka ninka gudu sau biyu, ƙarfin da inji ke buƙata zai ninku kusan sau takwas, man da za ka ƙona a kan tafiya guda kuma kusan sau huɗu. Don haka matuƙin da ya ga mai na neman gazawa ba abin da zai yi sai ya sassauta wa inji. Hausawa sun riga sun faɗa, sannu ba ta hana zuwa.

Wannan matsala ta girmi man dizal. A 1819 jirgin Savannah ya tsallake Tekun Atlantika da injin tururi a cikinsa, amma awa 80 kacal ko kusa da haka injin ya yi aiki, sauran tafiyar ta kusan wata guda iska ce ta yi ta. A 1838 Sirius ya taso daga Cork ta ƙasar Ayalan zuwa New York, gawayi ya yi ƙasa dab da isowa, sai da ma'aikatansa suka haɗa da gangunan ƙaro suka cusa wa wuta.

A 1902 wani mutum, William Newman, ya ɗauki ɗansa mai shekara 16 suka shiga wani ɗan jirgi mai ƙafa 38, Abiel Abbot Low, wanda injinsa kananzir yake sha. Sun fi wata guda kafin su isa Falmouth a Ingila. Bayan shekara goma Thomas Fleming Day ya yi irin wannan kasada da jirgin Detroit, mai ƙafa 35, ɗauke da galan 1,200 na fetur, ya sauka Ayalan, ya zarce har St. Petersburg ta Rasha.

Wanda ya mayar da kasadar ta zama ilimi shi ne Robert Beebe, tsohon hafsan sojan ruwan Amurka. A 1963 aka ƙera masa Passagemaker a Singafo, mai ƙafa 50, da ƙaramin injin dizal da babban tanki, a 1975 kuma ya fitar da littafinsa Voyaging Under Power. A ganina shi ya fi kowa cancantar yabo a wannan fage, domin ya zauna ya yi lissafi ne maimakon ya dogara da ƙarfin hali. A kan tafarkinsa kamfanin da ke ƙera jiragen Nordhavn ya zagaya duniya da jirgi mai ƙafa 40 tsakanin 2001 da 2002.

Sai Ben Carlin, ɗan Ostireliya, wanda da mota ya shiga teku. Wata jif ce ta Ford da aka ƙera lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, mai tafiya a tudu da ruwa. Ya yi mata kwaskwarima ya raɗa mata Half-Safe. Da yake cikinta ba zai ɗauki man da ake buƙata ba, sai ya ɗaura wani tanki da igiya yana jan sa a baya. A 1950 shi da matarsa Elinore suka bar Halifax ta Kanada, suka yada zango a tsibiran Azores da Madeira da Kanari, suka fito tudu a Cape Juby, a gaɓar Afirka ta arewa maso yamma. Bai kammala zagaya duniya ba sai 1958.

Ajiye guzuri don doguwar hanya kuwa, tsohon ilimi ne a wajenmu. Ayarin gishiri da ke tashi daga wajen Agadas zuwa Fachi da Bilma yana ratsa hamadar Tenere inda babu ciyawa, don haka raƙuma ke ɗaukar harawarsu a bayansu, a ajiye wani kaso a kan hanya saboda dawowa. Madugu ya san kowane dami da aka ƙara nauyi ne, nauyi kuma yana rage tafiya. Mai ma haka yake a jirgi: yawansa na ƙara nisa, nauyinsa na ci daga nisan.

Masu kuɗi fa? Azzam, wanda kamfanin Lürssen na Jamus ya ƙera a 2013 domin Sheikh Khalifa bin Zayed na Abu Dhabi, tsawonsa mita 180 ne, kuma yana iya wuce kilomita 55 a awa. Jirage irinsa tankinsu na kai lita miliyan ɗaya, wato tankar mai 30 masu cin lita 33,000. Octopus na marigayi Paul Allen, wanda suka kafa Microsoft da Bill Gates, an gina shi ne musamman don dogon zango, da shi aka gano gawar jirgin yaƙin Japan, Musashi, a ƙarƙashin tekun Filifin a 2015. Na Alhaji Aliko Ɗangote, wanda ya sa wa sunan mahaifiyarsa, Mariya, ƙarami ne a kan waɗannan, kimanin mita 33.

Da yawa daga jiragen alfarma masu gudu ba sa iya tsallake Atlantika da ƙafarsu, goya su ake yi. Akwai manyan jiragen dako da ke cika cikinsu da ruwa su ɗan nutse, ƙananan su shigo su jeru, a ɗaure su, sannan a zuƙe ruwan, uwar ta taso da su a bayanta.

An samu wanda ya haɗa gudu da nisa, amma da tsada. A 1992 Destriero, wanda Aga Khan ya ɗauki nauyinsa, ya tsallake Atlantika cikin awa 58 da minti 34 ba tare da ƙara mai ba, ɗauke da ɗaruruwan tan na mai. Shekara shida kafin nan Richard Branson ya yi nasa yunƙurin, amma sai da ya sha mai a hanya.

Ba ƙarewar mai kaɗai ke kashe inji ba, har da ƙazantarsa. In ruwa ya kwanta a gindin tankin dizal, wasu ƙwayoyin halitta na hayayyafa a inda ruwan da man suka haɗu, su zama baƙar yauƙi. Muddin jirgi na tsaye lafiya lau, ranar da teku ta girgiza shi sai yauƙin ya taso ya toshe filta, inji ya mutu daidai lokacin da aka fi buƙatarsa. Shi ya sa masu doguwar tafiya ke tace mansu kafin tashi, su cika akwati da filtoci, wasu ma su ajiye ƙaramin inji na biyu mai nasa tanki da farfela.

A 2008 Pete Bethune na New Zealand ya zagaya duniya da Earthrace cikin ƙasa da kwana 61, da dizal ɗin da aka sarrafa daga mai da kitse. Har kitsen jikinsa likitoci suka zuƙo aka haɗa a ciki, ko da yake bai taka kara ya karya ba. PlanetSolar kuwa ko ɗigon mai bai sha ba. Farantan sola sama da murabba'in mita 500 aka shimfiɗa masa, ya bar Monako a Satumbar 2010, ya dawo a Mayun 2012 bayan kwana 584.