Zaɓen Ƙaramar Fitilar Kyamara: Lissafin Da Ke Gaban Masu Ɗaukar Hoto A Jos

Tun daga watan Yuni na shekarar 2023, lokacin da Babban Bankin Nijeriya ya saki Naira kasuwa ta yanke mata daraja, kayan aikin da ake shigowa da su daga ƙetare suka yi tsada ƙwarai. Masu sana'ar ɗaukar hoto na cikin waɗanda abin ya shafa, domin kyamara da batir da fitila duk daga waje ake kawo su. A gefe guda kuma, wayar hannu ta ƙwace musu yawancin cinikin rana. Abin da ya rage a hannunsu shi ne aikin dare da na cikin ɗaki, watau bukukuwan aure da suna da liyafa, inda hoton waya kan fito dishi-dishi. A nan ne fitilar da ake ɗorawa a kan kyamara, wadda masu sana'ar ke kira filashi, ta zama jari na biyu bayan kyamarar kanta.

Jos gari ne da ya daɗe da sanin hoto. A nan hedkwatar Hukumar Fina-finai ta Nijeriya take, wadda aka kafa a 1979, tare da makarantarta ta koyar da aikin fim, ga kuma kwalejin talabijin ta NTA a Rayfield. Duk da haka, ɗalibi ko sabon shiga sana'a da ya nufi shagunan Titin Ahmadu Bello da kewayen Terminus, inda 'yan kasuwa da yawa suka bazu bayan gobarar babbar kasuwar garin a 2002, yakan tarar da kwalaye masu ɗauke da lambobi, ba tare da mai yi masa bayaninsu ba.

Lambar da aka fi tallatawa ita ce ta ƙarfin haske, wadda ake rubutawa GN. Lissafinta ba shi da wuya: a raba lambar da girman ƙofar haske da aka sa wa kyamara, abin da ya fito shi ne nisan da hasken zai kai a mita, in kyamarar na kan ISO 100. Fitilar da ake ƙera kyamara da ita a jiki takan tsaya ne a wajen 12. A ƙofar f/5.6 ba za ta wuce mita 2 da kaɗan ba. Ƙaramar fitila irin Canon 270EX II, mai lamba 27, za ta kai kusan mita 5, idan kuma aka ɗaga ISO zuwa 400 nisan ya ninka. Wannan ya isa ɗaukar ango da amarya da danginsu a falo ko tsakar gida.

Sai dai akwai dabarar talla a cikin lambar. Kamfanoni kan auna ta ne a lokacin da aka tsuke hasken wuri guda, ba a lokacin da aka baza shi ba. Ita 270EX II ɗin, lambarta 27 ce in an ja kanta gaba, amma in an buɗe hasken don ya game jama'a sai ta koma 22. Godox TT350 ta ƙasar Sin tana ɗauke da lamba 36, amma an auna ta ne a tsukewar milimita 105, wadda ba a ɗaukar hoton taro da ita. Saboda haka kwatanta kwali da kwali bai wadatar ba, sai an duba a wane faɗi aka yi awon. Haka kuma haske yana raguwa da sauri fiye da yadda ake zato: in nisa ya ninka biyu, kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai ke isa. Dalilin ke nan da ya sa sahun gaba a hoton taro kan yi fari fat, na baya kuma su nutse cikin duhu.

A ganinmu, abin da ya fi lambar muhimmanci shi ne kan fitilar ya zama mai lanƙwasawa sama, in da hali ma mai juyawa gefe. Haske da aka harba kai tsaye yana sa goshi ƙyalli, ya jefa baƙar inuwa a bango. Wanda aka harba zuwa farin silin ya dawo, yakan sauko a hankali kamar hasken taga. Amma wannan dabara tana cin ƙarfi, kuma silin mai launi yakan rina fuska da launinsa. A manyan majami'u da zaurukan taro masu dogon rufi, ko a fili ƙarƙashin rumfa, babu inda hasken zai dawo daga gare shi. Wanda yawancin aikinsa a irin waɗannan wurare yake, ƙaramar fitila mai batir biyu za ta gaza masa. Gara ya haƙura ya tara kuɗin mai batir huɗu.

Yanayin Filato ma yana da nasa hukunci. Jos na bisa tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, kuma daga Disamba zuwa Fabrairu hunturu kan zo da ƙura da sanyin da ba a saba ji a sauran garuruwan ƙasar ba. Ƙurar da ke yawo gaban gilashin kyamara takan kama hasken fitilar jiki, ta fito a hoto kamar fararen ɗigo-ɗigo. Fitilar waje, da yake tana nesa da gilashin, tana rage wannan, kamar yadda take rage jan ido. Sanyi kuwa yana raunana batir ɗin da ake yarwa bayan ya ƙare, sai fitila ta riƙa jinkirin sake cika tsakanin hoto da hoto. Daƙiƙa biyar na jira ba kome ba ne a shago, amma a wurin ɗaurin aure ko bikin yaye ɗaliban Jami'ar Jos, ta isa a rasa hoton da aka biya kuɗi dominsa.

Batun batir ɗin shi ne inda ainihin tsadar fitila take ɓoye. Batir mai caji na NiMH, irin Eneloop da kamfanin Sanyo ya fito da shi a 2005, yana cika fitila da sauri kuma ana sake cajinsa sau ɗaruruwa. Kuɗinsa na farko ya fi yawa, amma mai aiki kowace Asabar zai mayar da shi cikin 'yan watanni. Fitilu masu batir na musamman na litiyam sun fi jurewa, sai dai in batir ɗin ya mutu ba a samunsa a teburin mai shagon unguwa kamar yadda ake samun AA. Inda wutar lantarki ba ta tsaya ba, samun batir a ko'ina ba ƙaramin alheri ba ne.

Akwai kuma maganar dacewa da kyamara. Tsarin da kyamara ke auna haske ta umurci fitila da kanta, watau TTL, kowane kamfani da nasa: na Canon dabam, na Nikon dabam, na Sony dabam. Shi ya sa Godox ke sa harafi a ƙarshen sunan fitila, C ko N ko S, don nuna kyamarar da aka yi ta dominta. Bugu da ƙari, wasu ƙananan kyamarorin Canon da suka fito a 2018, irin su EOS 2000D da 4000D, an ƙera su babu ƙarfen tsakiya a mazaunin fitila, don haka fitilu masu arha da suka dogara da wannan ƙarfe ba sa tashi a kansu. TTL ɗin ma ba ma'asumi ba ne. Farar babbar riga ko rigar amarya takan ruɗe shi ya rage haske, fuskar mai duhun fata ta fito a dushe. Ya kamata fitila ko kyamarar ta kasance da hanyar ƙara haske da hannu.

Haɗari mafi girma yana wajen kayan gwanjo da fitilun zamanin fim da ke ajiye a tsofaffin shagunan hoto. Wasu daga cikin tsofaffin Vivitar 283, wadda ta yi tashe tun shekarun 1970, suna tura wuta fiye da bolt 200 ta ƙafarsu, alhali akwai kyamarorin dijital da aka yi su don ɗaukar bolt 6 kacal. Kyamarar fim ta ƙarfe ba ta damu da wannan ba. Ta zamani kuwa tana iya ƙonewa daga ciki. Mai gyaran rediyo zai iya auna wutar da mitarsa cikin minti guda, kuma ladan awon bai kai komai ba in aka kwatanta da kuɗin kyamara.

Wanda zai saya, ko sabuwa ko ta hannu, ya tafi da kyamararsa da batir ɗinsa shagon. Ya ɗora fitilar, ya harba ta sau goma a jere da cikakken ƙarfi yana ƙirga daƙiƙun da take ɗauka kafin ta sake cika, ya duba gidan batir ko akwai tsatsa ko farin gari, ya kuma tabbata ƙafarta ba ta tsage ba. Idan daga Legas za a aiko masa da ita a mota, ya nemi a rubuta masa sharaɗin mayarwa a kan rasit kafin ya tura kuɗi.