Keɓaɓɓun Kalmomin Injin Bincike da Kasuwancin Intanet: Tsokaci Domin Manhajar Hausa

1.0 Gabatarwa

Kowane fanni na ilimi yana da keɓaɓɓun kalmomin da masu shi suke fahimtar juna da su. Tun a 1990 aka buga Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi a ƙarƙashin jagorancin Farfesa Ɗalhatu Muhammad, wanda ya sauƙaƙa koyar da harshe da adabi a cikin Hausa. Fannin da ya taso daga baya, wato neman bayani da saye da sayarwa ta intanet, yana buƙatar irin wannan kulawa. Tun da wayar salula ta bazu a Nijeriya daga 2001, ɗalibai da 'yan kasuwa suke cin karo da kalmomin fannin, kowa yana fassara su yadda ya ga dama. A wannan maƙala za mu bayyana muhimman kalmomin, mu nuna yadda suke aiki, sannan mu ba da shawarar yadda za a shigar da su aji.

2.0 Yadda Injin Bincike Yake Aiki

Injin bincike shi ne kafar da mutum yake rubuta abin da yake nema, ta jero masa shafukan da suka yi magana a kai. Mafi shahara shi ne Google, wanda Larry Page da Sergey Brin suka kafa a Amurka a 1998, sai kuma Bing na kamfanin Microsoft da ya fito a 2009. Aikin injin mataki uku ne.

Na farko shi ne yawon gizo-gizo. Injin yana da 'yan aike, waɗanda ba mutane ba ne, tsare-tsaren kwamfuta ne da suke bin shafi zuwa shafi suna kwaso abin da ke ciki. Mun zaɓi a kira su gizo-gizo domin Hausa ta riga ta karɓi yanar gizo, don haka ɗalibi ba zai sha wuyar haɗa ma'anar biyun ba.

Na biyu shi ne fihirisa. Abin da gizo-gizo ya kwaso ana adana shi a wata babbar taska bisa kalmomin da ke cikinsa, kamar yadda fihirisar littafi take nuna shafin da kowane batu yake. Idan mutum ya yi nema, wannan taska injin yake dubawa. Shafin da bai shiga fihirisa ba, ba zai fito ba komai kyawunsa.

Na uku shi ne jeranto, wato tsara sakamako daga na farko zuwa na ƙarshe. Gurbin da shafi ya samu a jerin shi ne matsayinsa.

3.0 Inganta Shafi Domin Injin Bincike

Wannan shi ne abin da Turawa suke taƙaitawa da haruffan SEO: duk wani gyara da mai shafi zai yi domin matsayinsa ya ɗaukaka ba tare da ya biya injin kuɗi ba. Ga kalmomin da suka shafe shi:

Kalmomin nema: su ne abin da mai nema yake rubutawa. Mai ɗinkin hula a Sabon Ibadan, alal misali, dole ya san ko masu saye "hular zanna" suke rubutawa ko "hula" kawai, sa'annan ya sa kalmar a kan maganar shafinsa da cikin bayaninsa.

Mahaɗi: shi ne kalma ko hoton da idan an latsa zai kai mutum wani shafi. Mahaɗin da ya fito daga gidan yanar wani zuwa naka shi ne mahaɗi mai shigowa. Tsarin PageRank da Google ya fara da shi yana ɗaukar kowane irin wannan mahaɗi tamkar shaida, kuma shaidar shafin da jama'a suka amince da shi ta fi ta wanda ba a sani ba nauyi.

Maguɗin shafi: ya haɗa da cusa kalma ɗaya barkatai da sayen mahaɗai na bogi. Google ya yi gyare-gyare biyu sanannu domin daƙile shi, wato Panda a 2011 da Penguin a 2012. Ya kamata malami ya nuna wa ɗalibai cewa wannan algus ne irin na kasuwa, kuma ƙarshensa faɗuwar matsayi.

4.0 Kalmomin Tallan Intanet

Sakamakon da injin yake nunawa iri biyu ne: na asali, wanda jeranto ya samar, da na biya, wanda talla ne. Google ya fara sayar da gurbin talla a 2000 da sunan AdWords, aka sauya sunan zuwa Google Ads a 2018. Gwanjo ake yi a kan kalmomin nema, amma ba yawan kuɗi kaɗai ake dubawa ba, har da ingancin tallan da dacewarsa da abin da aka nema.

Bayyana ita ce kowane karon da talla ya fito a gaban mai kallo. Latsawa kuwa ita ce shigar mai kallo cikin tallan. A tsarin biya bisa latsawa, mai talla ba ya biya sai an latsa. Kason latsawa shi ne a raba yawan latsawa da yawan bayyana: idan talla ya bayyana sau 1,000, aka latsa sau 20, kason ya zama 2 cikin 100. Cikar buƙata ita ce mai latsawa ya aikata abin da mai talla yake so, kamar saye ko kiran waya. Idan mutum 2 suka saya daga cikin 20 ɗin nan, kason cikar buƙata 10 ne cikin 100. Wannan lissafi yana ba malamin Hausa damar haɗa darasinsa da na lissafi da na kasuwanci.

5.0 Matsalolin da Suka Keɓanta da Hausa

Matsala ta farko ita ce haruffa masu lanƙwasa. Masu nema da yawa suna rubuta kafa a madadin ƙafa, ko daki a madadin ɗaki. Wannan yana jawo wasu masu shafi su watsar da ƙa'idojin rubutu domin a same su. Ra'ayinmu shi ne makaranta ta tsaya a kan ƙa'ida, ta koya wa ɗalibi sanya allon rubutun Hausa a wayarsa. In kuwa aka saki, rubutun da zai cika intanet shi ne zai zama abin koyi ga na baya, kuma da shi ake horar da injinan fassara irin su Google Translate, wanda ya shigar da Hausa a 2013.

Ta biyu ita ce kalma ɗaya mai ma'ana biyu. Manhaja a wurin malamai tsarin karatu ce, amma kafofin watsa labarai sun faɗaɗa ta zuwa tsarin da ake sa wa waya ko kwamfuta. Haka nan shafi ana amfani da shi ga ɗaukacin gidan yana da kuma ɓangare guda na cikinsa. Muna ganin a ce manhajar waya ko manhajar kwamfuta a duk inda za a samu ruɗani, a kuma bambanta gidan yana da shafin yana.

6.0 Shawarwari da Kammalawa

Muna ba da shawarar a shigar da waɗannan kalmomi cikin darasin fassara da na insha'i a babbar sakandare, da kwas ɗin fassara a kwalejojin ilimi. A fifita kalmar da Hausa take da ita, kamar gwanjo da fihirisa, kafin a koma ga ƙirƙira ko aro. A riƙa koyarwa a aikace: ɗalibai su nemi kalma ɗaya da lanƙwasa da kuma ba lanƙwasa, su kwatanta sakamakon, su kuma ware talla daga sakamako na asali. Wannan ya fi muhimmanci ga masu koyon Hausa a matsayin harshe na biyu, waɗanda sukan ɗauki duk abin da ya fito a sama a matsayin daidai. Kalmomin da muka kawo shawara ce, kuma muna roƙon malamai su gwada su a aji, su sanar da mu waɗanda suka karɓu da waɗanda suke buƙatar gyara.