Ciyawa ko yashi: abin da filin gasar golf ke buƙata a gari kamar Kano

Daga Kasuwar Kurmi zuwa filin Kano Golf Club da ke wajen ganuwa tafiyar 'yan mintuna ce a Adaidaita Sahu, amma da yawa daga mutanen cikin gari ba su san yadda ake tsara irin wannan fili ba.

Cikakken filin gasa yana da ramuka 18, kowanne da wurin bugun farko, da doguwar hanya, da tarkunan yashi ko ruwa, sai shimfiɗaɗɗen wurin da ramin yake. Faɗin ramin milimita 108 ne kacal. Ana ƙayyade wa kowane rami bugu 3, 4 ko 5, jimillar zagaye guda kuma takan kama 70 zuwa 72.

Inda gizo ke saƙar shi ne kewayen ramin. A manyan gasa kamar Masters ta Augusta a Amurka, akan aske ciyawar wurin zuwa kusan milimita 3, kuma ba ta rayuwa sai da ban ruwa a kai a kai.

A Kano kuwa damina ba ta wuce wata huɗu zuwa biyar. Da hunturu ƙasa kan bushe ta yi tauri, ƙwallo ta riƙa gangarawa fiye da yadda ɗan wasa ya auna, ga iska da hazo. Shi ya sa filaye da dama a Najeriya suka daɗe suna shimfiɗa yashin da aka cakuɗa da mai a maimakon ciyawa, ana share shi ya daidaita kafin a buga.

Yashin bai hana fitowar gwanaye ba. A Ikoyi da ke Legas, Sandy Lyle ya lashe gasar Nigerian Open a 1978, Vijay Singh ya ɗauke ta a 1988 da 1989. A can ne Peter Tupling ya kammala zagaye huɗu da bugu 255 a 1981, bajintar da ta kafa tarihi a duniya.

Sai dai manyan gasa na yau a kan ciyawa ake yin su, kamar filin IBB na Abuja. Duk garin da ke son karɓar baƙuncinsu sai ya tanadi rijiyoyin burtsatse da ma'aikatan da za su kula da ciyawa duk shekara. A birnin da unguwanni da yawa ke dogaro da 'yan garuwa, tambayar farko ita ce: daga ina ruwan zai fito?