Tauraron da Ke Gadin Ƙofar Fadar Sama

Yau hirarmu ta wani tauraro ce da ke can arewa, wanda ko kin ɗaga kai da dare ba lallai idonki ya tsaya a kansa ba, don haskensa dishi-dishi ne. Masana na kiransa Thuban, sunan da ya fito daga kalmar Larabci mai nufin ƙaton maciji.

Kada rashin haskensa ya ruɗe ki. Yana cikin jerin manyan taurari, haskensa kuma ya ninka na rana fiye da sau 200. Nisa ne ya dusashe shi, domin haskensa kan yi kusan shekara 300 a hanya kafin ya iso mu.

To, mutanen ƙasar Sin na dā sun ɗauki sama tamkar masarauta. Sun kasa ta gida-gida, har a ƙarni na 3 wani masani mai suna Chen Zhuo ya tattara taurari 1,464 cikin rukuni 283. Yankin da ke tsakiyar arewa, inda sauran taurari ke kewayawa, shi ne fadar Sarkin Sama, suna ce da shi Ziwei. Katanga biyu suka kewaye fadar: ta dama mai taurari 7, ta hagu mai 8, akasarinsu ɗauke da sunayen fadawa da dogarai. Daga wannan suna ne ma aka raɗa wa babbar fadar sarakuna ta birnin Beijing nata, wadda aka gama ginawa a 1420.

Thuban shi ne na farko a katangar dama. Sinawa suka sa masa suna Youshu, wato abin da ƙyauren dama ke juyawa a kansa. Takwaransa na hagu, Zuoshu, yana ɗaya ɓangaren, ƙofar fada kuma na tsakaninsu.

Me ya sa tauraro mai rauni haka ya sami wannan matsayi? Kin san yadda mazari ke yi in ana kaɗi: yana juyawa, kansa kuma na ɗan layi. Haka duniyarmu take, sai dai layinta ɗaya kan ɗauki kimanin shekara 26,000. Shi ya sa tauraron da ke nuna arewa yake sauyawa. Wajen shekara 2800 kafin haihuwar Annabi Isa, Thuban ne ke tsaye a daidai arewa, duk taurari na kewaya shi. Sannu a hankali ya goce, yau wani tauraro, Polaris, ke riƙe da wurin. Amma suna ya zauna, bai bi shi ya goce ba.

Idan kina son ganinsa, ki fita tsakar gida a daren da babu wata, musamman daga Afrilu zuwa Yuni. Ki nemi taurari bakwai ɗin nan na arewa masu kama da ludayi. Ƙasa da mariƙin ludayin, wajen arewa, za ki hango shi. Ki kira yara ki nuna musu, ki faɗa musu ko waye shi a dā. Sai mun sake haɗuwa, a huta lafiya.