Karatun Islamiyya da Aikin Banki a Kano

A makarantun Islamiyya na Kano ana koya wa yara cewa cin kuɗin ruwa haramun ne, amma ribar ciniki halal ce. Don haka wasu ɗaliban da suka karanta akanta sukan guji aikin banki, ko da albashinsa yana da tsoka.

A 2011 Babban Bankin Nijeriya ya fitar da ƙa'idojin banki marar ruwa, a 2012 kuma bankin Jaiz ya fara aiki. Maimakon ba da bashi da ruwa, irin wannan banki yakan sayi kaya ya sayar wa mai bukata bisa ribar da suka daidaita, wato murabaha. Jami'ar Bayero tana da cibiyar koyar da wannan fanni, inda irin waɗannan ɗalibai ke shirin shiga aikin.